Zaɓen Maganin Farfaɗiya

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in yi wa 'yan'uwana masu karatu bayani game da zaɓen maganin farfaɗiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu wannan ciwo sun kai wajen miliyan 50, kuma kamar bakwai cikin goma za su iya daina faɗuwa in sun sami maganin da ya dace da su. To, wanne ne ya dace? Waɗansu sukan ce mai tsada, waɗansu kuwa wanda ya yi wa maƙwabci amfani. A ganina duka biyu kuskure ne, gama farfaɗiya iri-iri ce, masu ita kuma ba jikinsu ɗaya ba.

Fenobabital, wanda wani likitan Jamus, Hauptmann, ya fara ba masu farfaɗiya a 1912, yana da araha ƙwarai, amma yakan kawo barci da kasala, yara kuwa ya hana su natsuwa. Fenitoyin, wanda aka gane amfaninsa a Amurka a 1938, bai cika sa barci kamarsa ba, sai dai yakan kumbura dasashi. Kabamazefin yana da kyau ga irin da ke tasowa daga gefe guda na ƙwaƙwalwa, amma yaron da nasa ciwon shi ne ya yi tsai, ido a kafe na ɗan lokaci, yana iya ƙara masa. Balfuro'et yana da ƙarfi a kan irin da ke game ƙwaƙwalwa duka, amma in mai ciki ta sha, wajen jariri ɗaya cikin goma yakan zo da nakasa. Lamotirijin da lebetirasetam sun fi sauƙi ga mai ciki, sai dai sun fi tsada. Na farkon yakan fid da ƙuraje masu hatsari in an yi gaggawar ƙara shi, na biyun kuwa yakan sa saurin fushi.

Saboda haka zaɓe aikin likita ne, amma ba zai iya ba sai an gaya masa gaskiya. A tafi da wanda ya ga faɗuwar da idonsa. Mace ta faɗi ko tana sa ran ciki, ko tana shan ƙwayar tazarar haihuwa, don ukun farko suna rage ƙarfinta. A kuma faɗi abin da aljihu zai iya ɗauka kowane wata, domin yanke magani farat ɗaya yakan jawo faɗuwa mai tsanani wadda kan kai ga rasa rai. Mai arahar da ba ya yankewa ya fi mai tsadar da za a sha wata biyu a bari.

Likita yakan fara da magani guda, kaɗan-kaɗan, yana ƙarawa. Kada a yi gajen haƙuri.

Allah ya ƙara mana lafiya, amin. Haza wasalamu.

Naka,
Mai karatun jaridarka kullum.