Ɗalibai Sun Fito da Ɗakin Gwaji Bainar Jama'a

[KIƊAN BUƊE SHIRI]

Yau za mu leƙa wata gasar ɗalibai da ba a cin ta sai an fita daga ɗakin gwaji an je an zauna da jama'a.

A watan Janairun 2003, wasu malamai a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts da ke Amurka, wadda aka fi sani da MIT, suka buɗe wani ɗan gajeren kwas a kan kimiyyar sarrafa ƙwayoyin halitta. Da shekara ta zagayo, a 2004, kwas ɗin ya zama gasa tsakanin ƙungiyoyi 5, daga baya aka sa mata suna iGEM. Yau ɗaruruwan ƙungiyoyi ke shiga daga sassan duniya, kuma tun 2022 a birnin Paris na Faransa ake taron ƙarshe.

To, me ake yi a wannan fanni? Duk abu mai rai, daga ɗan Adam har ƙwayar bakteriya, yana ɗauke da umarnin gininsa a cikin wani sinadari da ake kira DNA. Masu wannan ilimi sukan ɗauko guntun umarni daga wata halitta, su haɗa shi da wani, su sa a cikin bakteriya ko yis ɗin da ake kwaɓa burodi da shi, sai ƙwayar ta kama wani aiki da ba ta saba ba. A 2006 ɗaliban MIT suka sa bakteriyar E. coli, wadda aka sani da wari, ta riƙa ƙamshin ayaba. A wannan shekarar kuma ɗaliban Jami'ar Edinbara suka shirya bakteriyar da ke nuna ko akwai gubar asinik a ruwa, saboda miliyoyin mutanen Bangaladash da ke shan ruwan rijiyoyin burtsatse masu wannan guba.

Sai dai gwaji kaɗai ba ya kai ƙungiya ga babbar lambar yabo. Alƙalai sukan tambaya: da wa kuka yi magana a wajen jami'a, me suka faɗa muku, kuma me kuka sauya a aikinku bayan kun ji? Wannan sharaɗi ne ya sa ɗalibai ke ɗaukar tebur da robobi zuwa makarantun firamare da sakandare, da gidajen adana kayan tarihi, da dandalin gari.

[KIƊA A TAƘAICE]

Bari in kwatanta muku wani gwaji da sukan yi wa yara. Za a ba yaro rabin ayaba a cikin leda ya murje ta da hannunsa har ta yi laushi. A zuba ruwa da ɗan gishiri da ɗigon sabulun wanke-wanke, a gauraya a hankali don kada ta yi kumfa. Sabulun ne ke fasa fatar ƙwayoyin ayabar, domin fatar ta maiƙo ce, gishirin kuma ya taimaka wa DNA ta dunƙule. Daga nan a tace da ƙyalle a cikin kofin gilashi, a karkata kofin, a tsiyaya sifirit mai sanyi ƙalau ta gefe. Ba a jima ba sai a ga wasu fararen zarurruka suna tasowa, masu yauƙi kamar na kuɓewa. Yaro zai sa tsinke ya naɗo su ya ɗaga sama. Abin da ya saba ji a bakin malami, ga shi yau a kan tsinke a hannunsa.

A ganina, amfanin wannan fita ya fi yawa a abin da ke biyo bayan gwajin, wato lokacin da manya suka fara tambaya. Wani zai ce, idan ƙwayar nan ta kuɓuce ta shiga rijiya fa? Amsa ita ce dokar gasar ta hana a saki duk wata ƙwaya da aka sarrafa a wajen ɗakin gwaji, don haka dole ɗalibi ya yi tunanin yadda na'urarsa za ta yi aiki a rufe. Wani kuma zai ce, wannan ba shisshigi ba ne a cikin halittar Allah? Tambaya ce mai nauyi, kuma ɗalibin kirki ba zai yi mata dariya ba. Zai bayyana cewa ba daga babu ake samar da rai ba, abin da ke akwai ake jujjuyawa, kuma tun 1982 masu ciwon suga ke amfani da insulin da bakteriya ke samarwa ta wannan hanya. Sannan ya saurari abin da mai tambayar zai ƙara.

Akwai kuma tambayar manomi: idan yis ya fara yin abin da nake nomawa, ni ina zan sa kaina? Wannan ta taɓa tasowa a kan maganin zazzaɓin cizon sauro, cutar da kowane gida a ƙasarmu ya sani. Sinadarin atemisinin da ke cikin magungunan zazzaɓi na zamani daga ganyen tazargade ake samunsa. A 2006 Farfesa Jay Keasling da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya suka sa yis ya samar da tushen sinadarin, kamfanin Sanofi kuma ya fara sarrafa shi a 2013. Nan take aka fara fargabar makomar manoman tazargade na Sin da Biyetnam da Gabashin Afirka. Daga baya farashin na gona ya faɗi har na masana'anta ya kasa gogayya da shi, kamfanin ya sayar da masana'antar. Ɗalibin da bai taɓa zama da manomi ba, da wuya wannan lissafi ya faɗo masa a rai.

Afirka ma ta shiga. A 2017 ɗaliban Jami'ar Ashesi ta Ghana suka je gasar da aiki a kan haƙar zinare, matsalar da ke gurɓata kogunan ƙasarsu.

Mu a nan mun san tsadar rashin bayani. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda jama'a ba su gamsu ba, ba a dawo da shi ba sai a 2004, kuma a tsakanin nan cutar ta bazu zuwa wasu ƙasashe. Yau ga waken SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta samar don ya jure wa tsutsar da ke cin furen wake da kwansonsa, aka kuma amince da shi a 2019. Manoma na tambaya ko za a iya ajiye irinsa a sake shukawa, matan gida na tambaya ko yana da illa ga mai ci. Tambayoyi ne na hankali da suka cancanci amsa da Hausa, daga bakin wanda aka sani. Ɗalibanmu na Zariya da Kano da Sakkwato da Yamai da Maraɗi suna komawa gida kowane hutu, da yawansu 'ya'yan manoman nan ne, kuma ba wanda zai hana su zama a majalisar ƙofar gida.

[KIƊAN RUFE SHIRI]