Jakar da rayuwar masu dira daga jirgi ta rataya a kanta

Mutumin da ya diro daga jirgin sama yana faɗowa ne da gudun kusan kilomita 200 a sa'a. Da a ce lemarsa za ta buɗe gaba ɗaya a lokaci guda, fizgar kaɗai za ta iya yi masa mummunan rauni. Abu na farko da ke hana hakan shi ne wata 'yar jakar nailan da ake cusa lemar a ciki kafin a saka ta a jakar goyo.

Idan mai dira ya kai tsayin da zai buɗe lema, yakan jefa wata ƙaramar lema cikin iska. Ita ce ke zare fil ɗin da ya rufe jakar goyon, ta fizgo 'yar jakar. Igiyoyin lemar suna naɗe a jikin jakar, an riƙe su da robobi masu kama da na ɗaure kuɗi amma sun fi su kauri. Suna warwarewa ɗaya bayan ɗaya har su miƙe, sai naɗin ƙarshe da ya kulle bakin jakar ya saki, lemar ta fito ta sha iska. Ƙa'idar ita ce igiya ta riga lema.

An koyi wannan darasi da tsada. A shekarar 1940, wani sojan Birtaniya ya rasa ransa a sansanin horo na Ringway da ke kusa da Manchester bayan lemarsa ta gaza buɗewa. Daga nan Raymond Quilter na kamfanin GQ ya tsara jakar da ke sakin igiyoyi kafin lema, kuma dakarun ƙasar suka yi amfani da tsarin a Yaƙin Duniya na Biyu.

Haɗarin yana ɓangare biyu. Idan robobin sun tsufa ko sun yi sako-sako, igiyoyin na iya zubowa lokaci guda, lemar ta fito kafin su miƙe, ta fizgi mutum da ƙarfi. Idan kuma naɗi ya sarƙe da wani naɗin, jakar na iya ƙin buɗewa, mutum ya ci gaba da faɗowa yana jan ta a samansa. A nan dole ya saki babbar lemar, ya buɗe ta ko-ta-kwana.

Shi ya sa masu naɗa lema ke sauya roba da zarar ta fara tsagewa. Suna shafa zobban ƙarfen da ke bakin jakar da yatsa don gano kaifin da zai ci igiya, suna kuma duba ɗinkin inda igiyar ƙaramar lema ta haɗu da jakar. Rana da zafi na lalata roba da nailan, don haka ba a barin kayan a cikin mota da rana. Wasu sababbin jakunkuna sun rage robobin: ana jera igiyoyin a wani aljihu da maganaɗisu ke rufewa, a bar robobin kulle baki kawai.

Jakar lemar ko-ta-kwana kuwa ba a ɗaure take da lemar ba. Da ta gama aikinta sai ta tafi da iska, don kada ta harɗe. A Amurka, dokar hukumar kula da sufurin jiragen sama ta FAA ta tanadi cewa ƙwararre mai lasisi ya duba wannan lema ya sake naɗa ta duk kwana 180.

Ƙungiyar masu dira da lema ta Amurka, USPA, ta ce mutum 10 ne suka mutu a ƙasar a shekarar 2023, cikin dira kimanin miliyan 3.65.