Kyanwar Tsintuwa da Yadda Ake Cigiyarta

Kyanwa, wadda wasu ke kira mage, ta daɗe tana zaune tare da ɗan Adam. A unguwa irin ta Kudenda, kudu da Kogin Kaduna, inda masana'antu da ɗakunan ajiyar kaya suka yi yawa, ɓeraye ba sa rasa abin ci, saboda haka gidan da ke da kyanwa ya huta. Ɓarnar ɓera kuwa ba ta tsaya ga hatsi ba, gama wani irinsa ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka gano cikin 1969 a garin Lassa na ƙasar Barno. Duk da haka, yara da sun ga kyanwa a bola sai jifa, wai mayya ce. Alhali yunwa ce ta fito da ita, ko kuwa ta ɓace wa masu ita ne.

To, me ya kamata wanda ya tsinci kyanwa ya yi? Da farko kada ya kai hannu, don ba kowace ce kyanwar Lami ba. Ya ajiye mata ruwa da ɗan kifi ko nama, ya ja da baya har ta saki jiki. Madarar shanu takan sa yawancinsu zawo. Kada kuma a ba ta Panadol, domin yana kashe kyanwa. In ta ji rauni, sai asibitin dabbobi.

Idan ta yi cizo ko yakushi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a garzaya asibiti. Dalili kuwa, kyanwa ma tana ɗaukar ciwon haukan kare, wanda in ya bayyana a jikin mutum da wuya ƙwarai ya tashi. Tun 1885 Louis Pasteur na Faransa ya samo rigakafinsa, a nan gida kuma cibiyar binciken dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yin allurar da ake yi wa karnuka.

Saura cigiya. Kyanwar da ta firgita ba ta cika yin nisa ba, takan laɓe a kwalbati ko bayan tarin itace kusa da gidansu. Saboda haka a fara da maƙwabta, sa'an nan mai unguwa, a kuma yi sanarwa a masallaci da coci, ko a aika da hotonta ta waya. Wanda ya zo ya ce tasa ce, sai ya faɗi wata alama tata da hoton bai nuna ba, kamar yadda ake yi in an tsinci akuya. A Ingila, tun daga Yunin 2024, doka ta tilasta a sanya wa kyanwar gida wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, mai lambar da za a gane mai ita. Mu a nan, zare mai taushi a wuya, wanda zai tsinke in ya sarƙe, ya isa shaida.

Iyayenmu da 'yan'uwana ɗalibai, mun karanta a hadisi cewa wata mata ta shiga wuta don ta kulle kyanwa ba ci ba sha har ta mutu. In mun koma gida hutu, mu hana ƙannenmu jifa, mu koya musu cigiya. Allah ya sa mu zama masu tausayi, amin.