Amsar Wasiƙunku: Daga Katsina Zuwa Gurara, Yaushe Kuma Ta Wace Hanya?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wani manomi, kuma ɗan kasuwar hatsi, mazaunin birnin Katsina. Ya ce shi da abokan cinikinsa uku sun daɗe suna tara 'yan kuɗi, suna so in an sarara daga aikin gona su ɗauki motar ɗaya daga cikinsu su je buɗe ido na kwana uku. Suna so su ga Kano, da Zariya, da Kaduna, da Abuja, da Jos, sa'annan su ƙare da mafaɗar ruwan nan ta Gurara da suke jin labari. Yana tambaya, shin hakan zai yiwu, kuma me za su tanada?

To Malam, mun gode da wasiƙa, Allah ya bar zumunci. Amsa a taƙaice ita ce tafiyar za ta yiwu, amma ba a kwana uku ba, kuma ba da Jos a ciki ba. Jos tana can gabas, hanyarta daban ce, kuma tana da tata mafaɗar ruwan ta Assop a wajen Hawan Kibo. Ku bar ta sai wata shekara. Abin da ya rage kuwa sai ku ba shi kwana biyar. Dalili ke nan za mu yi maka bayani, domin a hanyoyinmu na yanzu ba a auna tafiya da mil kawai, da hasken rana ake auna ta.

Bari mu fara da inda za ku, don shi zai faɗa muku lokacin tashi. Gurara tana cikin Jihar Neja, a gefen hanyar Suleja zuwa Minna. Kogi ne da ya gangaro ta kudancin Jihar Kaduna, ya zo nan ya tarar da dutse ya yanke, sai ruwan ya riƙa zubowa daga tsayin kamar mita 30, faɗinsa kuwa in ya cika yakan kai kamar mita 200. Irin wannan wuri shi Hausawan da ke kira matsirga. Kada dai ka rikita ta da wadda ake ce wa Matsirga a kusa da Kafanchan, wannan wata ce daban.

Ga inda matsalar manomi take. Ruwan Gurara ya fi cika da ban tsoro a tsakiyar damina, wajen Agusta da Satumba, lokacin da tun daga nesa za ka ji rugugi kamar ana aradu. To amma a wannan lokaci wane manomin Katsina ne zai bar gonarsa, gero na shirin nuna? In kuwa ka ce sai ka shigar da komai rumbu, ka tashi a Fabrairu ko Maris, za ka tarar ruwa ya ja baya, duwatsu sun fito fili, ruwan na bin 'yan tsagogi. Yana da kyan gani, ba mu ce a'a ba, kuma ya fi sauƙin kusanta, amma ba shi ne abin da aka ba ka labari ba. Akwai ma madatsar ruwa da aka gina a kan kogin can sama, wajen Jere, wadda ake jan ruwan sha daga cikinta zuwa Abuja, saboda haka ba duk ruwan ke saukowa yadda ya ga dama ba.

A ganinmu, lokacin da ya fi dacewa da kai shi ne ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba. Ka ɗaure gero, ka cire gyaɗa, dawa ba ta isa yanka ba tukuna. A can kuwa damina ta fi taku tsawo, ruwan sama bai daɗe da ɗaukewa ba, kogi na nan da ƙarfinsa. Ga shi hazon hunturu bai sauko ba, wanda in ya sauko a Disamba da Janairu yakan hana direba ganin gabansa da safe.

Sai batun hanya. Daga Katsina zuwa Zariya hanya biyu ce. Akwai ta Malumfashi da Funtuwa, ita ce ta fi kusa. Akwai kuma ta Kano, wadda ta bi ta Charanci, Kankiya, Gidan Mutum Ɗaya, Tsanyawa da Bichi, kamar kilomita 170. Tun da kuna son ganin Kano, zancen ya ƙare, ita za ku bi. Kuma kai ɗan Katsina ba sai mun gaya maka halin da kudanci da yammacin jihar suka shiga ba a shekarun nan saboda 'yan bindiga. Kowace hanya za ka bi, ka je tasha ana gobe tafiya ka tambayi direbobin haya da suka dawo a ranar. Labarin hanya na makon jiya ya riga ya tsufa, matambayi kuwa ba ya ɓata.

Shawararmu ku tashi ranar Litinin, bayan gari ya waye sarai, ba da duku-duku ba. Kafin hantsi ya dubi ludayi kun iso Dawanau, tun da kasuwar tana bakin hanyarku ne kafin shiga gari. Mun san ɗan kasuwar hatsi ba zai wuce ta ido rufe ba, to amma a ji farashi kawai a wuce, kada a ɗauki kuɗin guzuri a sayi wake. A cikin birni kuwa, yini guda ya ishe ku hawan Dala, da leƙa gidan tarihi na Gidan Makama, da karofin Ƙofar Mata, da ɗan zagaye a Kurmi. Ku ajiye mota a wuri amintacce ku hau a-daidaita-sahu, don baƙon direba a cunkoson Kano wahala kawai zai sha. A Kano za ku kwana.

Ranar Talata sai Zariya, kamar kilomita 150, ta Kura da Kwanar Ɗangora da Tashar Yari. A nan ne muke so ka ɗan daɗe. Kowa zai ce ka je ka ga fadar Zazzau da tsohon masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, kuma ya cancanci gani. Amma abin da zai mayar maka da kuɗin manka yana Samaru, wato Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda asalinta ya faro tun 1922. Irin masarar nan da kake jin ana ce wa SAMMAZ, da dawa SAMSORG, da gyaɗa SAMNUT, da wake SAMPEA, duk wannan "SAM" ɗin Samaru ke nan. Ka je ka tambayi irin da ke nuna da wuri, mai jure ƙarancin ruwa da wuta-wuta, wanda ya dace da ƙasar Katsina. Shi ya sa muka ce ku zo a ranar aiki, in kun zo Asabar ko Lahadi ofisoshi a rufe za ku tarar. Da la'asar sakaliya ku kama hanyar Kaduna, kilomita 80 ne, ku shiga ta Kawo tun rana ba ta faɗi ba.

Laraba ita ce babbar rana, kuma ita ce ke son a yi hankali. Hanyar Kaduna zuwa Abuja ta yi ƙaurin suna da satar mutane, musamman tsakanin Rijana da Katari. Kada ku shige ta da asuba, kada ku shige ta da almuru, kada ku tsaya a daji don wani ya ɗaga muku hannu. Ku bi ta da hantsi, lokacin da motoci ke da yawa. Tun 2018 aka soma aikin sake gina wannan babbar hanya mai kilomita 375 daga Abuja zuwa Kano, don haka ku tambaya ko akwai inda aka haɗe motoci a hannu ɗaya, domin a irin wuraren nan ne aka fi yin karo gaba da gaba.

Wani zai ce, me ya hana a bar mota a Kaduna a hau jirgin ƙasa? Akwai shi, daga Rigasa zuwa Kubwa da Idu, tun 2016. An kai masa hari a 28 ga Maris 2022, aka dakatar da shi har zuwa Disamban shekarar. In shi kuka zaɓa, ku tabbatar yana aiki a makon, ku riƙe lambar katin ɗan ƙasa don sayen tikiti, kuma ku sani daga Kubwa sai kun ɗauki shatar mota zuwa Gurara, wanda ƙarin kuɗi ne.

In da motarku kuke, bayan kun wuce Jere da Tafa da Sabon Wuse za ku iso mararrabar Dikko, kamar kilomita 150 daga Kaduna. Nan za ku saki hanyar Abuja ku kama ta Minna. A wannan mararraba ce tankar mai ta faɗi a Janairun 2025, jama'a suka taru ɗibar mai, wuta ta tashi ta hallaka mutum fiye da 80. In ka ga tanka a kwance ko'ina ne, kada ka tsaya kallo, yi nisa da ita. Daga Dikko sai Izom, sai Lambata, gaba kaɗan ku tambayi kwanar Bonu, ita ke shiga wurin ruwan. Hanyar Minna tana da manyan motoci ƙwarai, a bi sannu. Ana biyan kuɗin shiga a ƙofa, ku riƙe canji.

To, a bakin ruwan fa, Malam, ka ji wannan da kyau. Kogunan da ka saba da su a gida irin waɗanda da rani ake haƙa yashi a ɗebi ruwa ne. Wannan ba irinsu ba ne. Duwatsun suna da gansakuka mai santsi kamar karkashi, a ƙarƙashin inda ruwa ke faɗowa kuma akwai igiyar da ke juya mutum ta danne shi, kuma an sha rasa rayuka a wurin. Wanda ya iya iyo a kududdufin bayan gari kada ya ɗauka ya iya a nan. Kada a hau dutse don ɗaukar hoto da waya, kada a tsallaka inda mutanen wurin suka ce kada a tsallaka. Ruwa yana iya ƙaruwa farat ɗaya ko da sama tana garau, in an yi ruwa can sama inda ba ka gani. Awa biyu ta isa. Ƙarfe uku ku juyo.

Ku kwana a Suleja. Garin nan shi ne Abuja ta asali, wadda sarakunan Zazzau na Haɓe suka kafa bayan jihadi, kuma da aka ba sabon babban birni sunan a shekarun 1970 sai aka sa masa Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Dutsen Zuma da ke jikin takardar naira 100 yana nan kusa, wajen Madalla, daga bakin titi ma ka gan shi. Ladi Kwali ta jikin naira 20 kuwa a garin nan ta yi aikin ginin tukwanenta. Abuja kanta, in kun matsa sai kun gani, ku shiga da sassafen Alhamis ku ga Masallacin Ƙasa ku fito kafin ƙarfe goma, ba fiye da haka ba.

Batun kuɗi ba za mu faɗa maka adadi ba, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 farashi bai tsaya wuri ɗaya ba. Amma ga yadda za ka lissafa da kanka. Zuwa kamar kilomita 600 ne, zuwa da dawowa 1,200. Ƙaramar mota mai lafiya takan ci lita ɗaya a kilomita 10 zuwa 12, ke nan lita 100 zuwa 120. Ka ƙara lita 20 saboda zagayen cikin gari da cunkoso, ka ninka da farashin ranar. Sai masauki na dare huɗu, sai abinci. In kuna da dangi a Kano ko Kaduna ku sanar da su tun da wuri, kada ku faɗo musu ku huɗu da dare. Sa'annan ku ware kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin ku ba mutum guda ya riƙe, ba a taɓa shi sai mota ta lalace ko wani ya kamu da rashin lafiya. Kada a tara kuɗi a aljihu ɗaya, kada kuma a dogara da tura kuɗi ta waya kaɗai, akwai inda sabis ke ɗaukewa.

Motar kuma a kai ta wurin makaniki mako guda kafin tafiya, ba ana gobe ba, don in an canja wani abu a gwada shi a gida. A duba birki, da fitilu, da lagireto, da safaya, da jak. Taya tana da shekaru kamar yadda magani ke da su. A jikinta akwai lamba huɗu, in ka ga 2321, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2021, kuma jami'an kiyaye haɗurra suna gargaɗi a kan wadda ta wuce shekara huɗu ko da zanenta bai sule ba. Lasin da inshora da takardun mota su zama ba su ƙare ba. Lambar kiran jami'an in an yi haɗari 122 ce. Lallai a samu direba biyu a cikinku. Salla kuwa ta ƙasaru za ku riƙa yi, tun da tafiyar ta haura mil 48 kuma ba inda za ku yi niyyar zaman kwana huɗu.

Ranar Alhamis ita ce mai tsawo, daga Suleja zuwa Kano kusan kilomita 380. In la'asar ta same ku a Zariya, ku kwana nan, kada ku ce sai kun ƙarasa. Juma'a da safe ku kama hanyar gida. In daga Kano kuka tashi ƙarfe bakwai, in Allah ya yarda kuna Katsina tun ba a yi kiran farko ba.