Zaɓen wurin damben kambun duniya na ajin masu nauyi

Zaɓen wurin damben kambun duniya na ajin masu nauyi shi ne yarjejeniyar da ake ƙullawa tsakanin masu shirya dambe, 'yan damben biyu, gidajen talabijin da hukumar da ke da kambun, a kan garin da filin da za a yi karawar. A damben boksin na ƙwararru, ajin masu nauyi a wajen mafi yawan hukumomi ya ƙunshi 'yan damben da suka haura fam 200, wato kimanin kilo 90.7. Manyan hukumomin da ke ba da kambu guda huɗu ne: WBA, WBC, IBF da WBO. Damben boksin ba shi da jadawalin kakar wasa irin na ƙwallon ƙafa, saboda haka kowace karawa sai an zauna an yi cinikin wurinta daban.

Wa ke yanke hukunci

Idan ɓangarorin biyu suka daidaita, mai shirya damben ne ke zaɓen wuri. Idan kuwa hukuma ta wajabta wa mai riƙe da kambu ya kara da wani kuma aka kasa daidaitawa, sai hukumar ta buɗe gwanjo: kowane mai shiri ya rubuta kuɗin da zai biya 'yan damben, wanda ya fi tayi shi ke samun damar shirya karawar a inda ya ga dama. Bayan haka dole hukumar dambe ta ƙasar ko jihar da aka zaɓa ta ba 'yan damben lasisi. A 2002 an tsara Lennox Lewis da Mike Tyson za su kara a Las Vegas, amma hukumar jihar Nevada ta hana Tyson lasisi bayan hatsaniyar da ta ɓarke a taron manema labarai a New York. Aka mayar da damben garin Memphis, aka yi shi ranar 8 ga Yuni.

Kuɗi

Kuɗin babban dambe yana fitowa ne daga tikitin ƙofa, da kuɗin da masu kallo ke biya a talabijin, da kuma kuɗin karɓar baƙunci. Wannan na ukun shi ne abin da gwamnati ko gidan caca ke biya don a kawo damben wurinsu, da fatan su mayar ta hanyar baƙi da suna. Shi ya sa Las Vegas ta daɗe tana jan manyan karawa. A Ingila kuwa yawan 'yan kallo ne ke ɗaukar nauyin: mutum kusan 90,000 suka cika filin Wembley ranar 29 ga Afrilu 2017 lokacin da Anthony Joshua ya doke Wladimir Klitschko.

Garin da ya yi alƙawarin abin da ya fi ƙarfinsa yana iya kwana ciki. A 1923 ƙaramin garin Shelby da ke jihar Montana ta Amurka ya yi wa Jack Dempsey alƙawarin dala 300,000 don ya kare kambunsa a can, aka kuma gina filin katako mai ɗaukar mutum kusan 40,000. Waɗanda suka sayi tikiti ba su kai 8,000 ba, kuma bankunan garin suka durƙushe bayan damben.

Kinshasa, 1974

Misalin da ya fi shahara a Afirka shi ne karawar George Foreman da Muhammad Ali a Kinshasa, babban birnin Zayar, wadda yanzu ake kira Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Don King ya yi wa kowannensu alƙawarin dala miliyan 5 alhali ba shi da kuɗin a hannu. Gwamnatin Mobutu Sese Seko ta shiga cikin masu ɗaukar nauyi domin ta tallata ƙasar a idon duniya.

An sa damben a ƙarshen Satumba, amma Foreman ya samu yanka a saman ido wajen atisaye, aka ɗaga shi da kusan mako biyar zuwa 30 ga Oktoba. Jinkirin ya tura shi cikin damina, ga shi kuma filin Stade du 20 Mai a buɗe yake. An fara da misalin ƙarfe huɗu na asuba domin ya dace da daren Amurka, inda ake sayar da tikitin kallo a majigi. Ali ya kayar da Foreman a turmi na takwas a gaban mutum kusan 60,000, kuma jim kaɗan da gamawa aka tsuge da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya.

Lokaci da yanayi

Agogon masu biyan kuɗin kallo shi ke tsara lokacin dambe, ko da bai yi wa mutanen gari daɗi ba. Karawa ta uku tsakanin Ali da Joe Frazier, ranar 1 ga Oktoba 1975 a ƙasar Filifin, da hantsi aka yi ta a cikin zaure mai tsananin zafi, har mai horar da Frazier ya dakatar da shi bayan turmi na 14.

Tudun wuri ma yana da tasiri. Ranar 22 ga Afrilu 2001 Lennox Lewis ya kare kambunsa a Carnival City da ke Brakpan, kusa da Johannesburg, wurin da ya kai kimanin mita 1,600 sama da teku, inda iskar shaƙa ba ta da kauri. Hasim Rahman ya riga shi isa da makonni don jikinsa ya saba, Lewis kuwa ya makara a Las Vegas. Rahman ya kayar da shi a turmi na biyar.

Siyasa

Gwamnatoci kan karɓi baƙuncin dambe don gyara sunansu, abin da ke jawo suka. An yi zanga-zangar adawa da damben John Tate da Gerrie Coetzee a Pretoria a 1979 saboda mulkin wariyar launin fata. Haka kuma ƙungiyar Amnesty International ta soki kai karawa ta biyu tsakanin Joshua da Andy Ruiz Jr. garin Diriyah na Saudiyya ranar 7 ga Disamba 2019, inda aka gina filin wucin gadi mai kujeru 15,000. Duk da sukar, Saudiyya ta ci gaba da karɓar manyan karawa, ciki har da ta Oleksandr Usyk da Tyson Fury a Riyad ranar 18 ga Mayu 2024.

Najeriya

Najeriya ba ta taɓa karɓar damben kambun duniya na ajin masu nauyi na ɗaya daga manyan hukumomin huɗu ba. Mafi kusa shi ne na ajin matsakaita nauyi da aka yi a filin Liberty na Ibadan ranar 10 ga Agusta 1963, inda Dick Tiger ya kare kambunsa a hannun Gene Fullmer, da tallafin gwamnatin tarayya da na yankuna. Samuel Peter, ɗan jihar Akwa Ibom, a garin Cancun na Meziko ya ci kambun WBC ranar 8 ga Maris 2008, ya kuma rasa shi a Berlin a watan Oktoba na shekarar. Joshua, wanda danginsa 'yan Sagamu ne a jihar Ogun, ya sha faɗin cewa yana son yin dambe a Najeriya.

Matsalar ba ta fili ba ce kaɗai, domin filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a Kano ya karɓi wasannin gasar matasa ta FIFA a 1999 da gasar cin kofin Afirka a 2000. Abin da ke da wuya shi ne kuɗi: ladan 'yan dambe da dala ake biya, kuɗin ƙofa kuwa da naira yake shigowa, don haka sai an samu gwamnati ko attajirin da zai cike giɓin. A ɓangaren lokaci, agogon Najeriya bai wuce awa ɗaya tsakaninsa da na Ingila ba, abin da zai dace da masu kallo a Turai. Masu bibiyar dambe a gidajen kallo na Fagge da Sabon Gari sun san bambancin: damben Riyad yakan zo musu kusan tsakar dare, na Las Vegas kuwa sai gab da asuba.

Damben gargajiya

A ƙasar Hausa damben gargajiya yana da nasa tsarin zaɓen wuri. A da mahauta ne suka fi yinsa, suna bin garuruwa bayan an yi girbi, lokacin da manoma ke da abin yin kari. Yanzu akwai gidajen dambe na dindindin da ke karɓar kuɗin ƙofa, kamar Ado Bayero Square a Sabon Garin Kano da gidan damben Dei-Dei a Abuja, inda ɓangarorin Kudu, Arewa da Guramada ke karawa. A nan ma, gidan da ya sa kyauta mafi tsoka, babur ko mota, shi ne manyan 'yan dambe ke nufa.