Chiamaka Nnadozie: Mai Tsaron Ragar da Fanareti Ya Fito da Sunanta

Chiamaka Nnadozie ita ce mai tsaron ragar Super Falcons, tawagar ƙwallon ƙafa ta matan Najeriya. An haife ta a ranar 8 ga Disamba, 2000, 'yar jihar Imo ce, kuma ta fara fice a ƙungiyar Rivers Angels ta Fatakwal tun ba ta kai shekara ashirin ba. A 2018 ta tsare ragar 'yan ƙasa da shekara 20 a gasar duniya da aka yi a Faransa, inda suka kai zagayen ƙungiyoyi takwas. A shekarar kuma tana cikin manyan da suka ɗauko kofin Afirka a Gana, ko da yake a benci ta zauna, Tochukwu Oluehi ce ke raga.

Damarta ta zo ne a gasar cin kofin duniya ta 2019. Bayan Norway ta ci Najeriya 3-0 a wasan farko, sai aka ba ta raga a karawa da Koriya ta Kudu. Najeriya ta yi nasara da ci 2-0, ita kuwa, tana da shekara 18, ta zama mai tsaron raga mafi ƙarancin shekaru da ta gama wasa a gasar ba a zura mata ba.

Wasan da ya biyo baya da Faransa mai masaukin baƙi ya zo mata da ɗaci. An ba Faransa fanareti, Wendie Renard ta buga, ƙwallo ta daki turke ta fita waje. Murna ba ta je ko'ina ba, domin na'urar VAR ta nuna cewa Nnadozie ta baro layi kafin a buga, alhali sabuwar dokar da ta fara aiki a watan ta ce dole ƙafa ɗaya ta kasance a kan layin. Aka ba ta katin gargaɗi, aka sake bugun, Renard ta ci, wasa ya tashi 1-0. Hukuncin bai saɓa wa doka ba, amma ya yi tsauri ga yarinyar da ta hana Faransa sakat kusan minti tamanin. Cikin 'yan watanni ta kaɗe fanareti uku a wasan ƙarshe da Kamaru a wasannin Afirka na Rabat, Najeriya ta samu zinare.

A Janairun 2020 ta koma Paris FC, ƙungiyar da ba ta kai Lyon ko Paris Saint-Germain kuɗi ba. Ƙungiya irin wannan takan sha matsi, mai tsaron ragarta ba ta rasa aiki, kuma a nan hannun Nnadozie ya faɗa. A kakar 2023/24 Paris FC ta fitar da Arsenal a wasan neman gurbin gasar zakarun Turai a bugun fanareti bayan an tashi 3-3, inda Nnadozie ta tare bugun Alessia Russo da na Frida Maanum. Daga nan suka kori Wolfsburg, wadda ta buga wasan ƙarshe a kakar da ta gabata.

Gasar duniya ta 2023 a Ostiraliya da New Zealand ce ta kai sunanta ko'ina. A wasan farko da Kanada a Melbourne, tana sanye da kambun kyaftin, ta tsaya gaban Christine Sinclair, wadda babu namiji ko macen da ya kai ta yawan ƙwallaye a wasannin ƙasa da ƙasa. Sinclair ta buga ƙasa-ƙasa, Nnadozie ta zube gefen hagunta ta kaɗe da hannu ɗaya, aka tashi babu ci. Aikin nan ba sa'a ba ce kawai. Ƙwallo na isa raga daga yadi 12 cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, don haka sai mai tsaron raga ta san ɗabi'ar mai bugu tun kafin wasa, ta karanci tahowarta da inda ta dasa ƙafa, ta kuma daure kada ta yi saurin faɗuwa. Wasanni huɗu Najeriya ta buga a gasar, a uku ba a ci ta ba, har da wanda Ingila ta fitar da ita a bugun fanareti.

Ba kullum ake kwana a gado ba: a kofin Afirka na 2022 Najeriya ta ƙare ta huɗu, a gasar Olamfik ta 2024 kuma ta sha kashi a duk wasanninta uku.

Shekarar 2025 ta zo da kofuna biyu. A watan Mayu Paris FC ta doke Paris Saint-Germain a bugun fanareti ta ɗauki kofin Faransa, Nnadozie ta tare biyu. A Yuli, ƙarƙashin koci Justine Madugu, Najeriya ta farke ƙwallo biyu ta ci Maroko 3-2 a Rabat, ta ɗauki kofin Afirka karo na goma, aka zaɓe ta gwarzuwar masu tsaron raga ta gasar. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta ba ta wannan kambu na nahiyar a 2023 da 2024 da 2025. A bazarar 2025 ta bar Faransa bayan shekara biyar, ta koma Brighton da ke buga babbar gasar mata ta Ingila.