Waken Soya A Cikin Ƙullun Waina

A kasuwannin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ba a rasa mai tanda tana toya waina, yara kuwa da ita su ke karya kumallo. Amma wainar masara ko ta shinkafa zalla cika ciki ta ke yi, ba ta gina jiki sosai. Ga shi kuma tun da ɓarayin daji suka yi ta kore shanu a ƙasashen nan, nono da nama sun yi wa talaka wuya. Yaron da aka yaye shi ne ya fi shan wahala, gama shi tamowa ta fi kamawa.

Maganin abin yana nan a gona, watau waken soya. Abin da ke gina jiki, wanda likitoci ke kira furotin, a masara bai wuce kashi 9 ko 10 cikin 100 ba, a shinkafa wajen 7. Waken soya kuwa yana da kusan 40. Bayan haka akwai wani sinadari da hatsi ke ƙarancinsa, wake kuwa yana da shi da yawa, saboda haka in an gama su sai su cika juna.

Ga yadda a ke yi. A tsince waken, a jiƙa shi ya kwana, a murje ɓawon. Sa'an nan a tafasa shi kamar minti 30. Kada a ƙetare tafasawar nan, domin ɗanyen waken soya yana da gafi, yana kuma hana ciki narkar da abinci. A gama mudu 1 na wake da mudu 4 na hatsi, a niƙa tare, a bar ƙullun ya tashi kamar kullum. Da haka furotin ɗin wainar masara zai kai wajen kashi 15. In wake ya yi yawa, waina ba ta tashi da kyau.

Manomi ma da tasa riba. Waken soya yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, yana kuma rage ƙuduji a gonar da za a bi da masara ko dawa. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, da ta IITA a Ibadan sun fitar da iri masu kyau, sai a tambayi malamin gona.

To, in kaka ta yi, kada maigida ya kai waken duka kasuwa. Ya ware wa uwargida buhu guda. Lafiya uwar jiki.